Tudun Wurno da Duwatsun Littafi Mai Tsarki



Mu da ke zaune a kwarin Gulbin Rima ba mu da manyan duwatsu irin na Jos, amma mun san amfanin tudu. A kan tudu Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa na Wurno, inda mai tsaro ke hango abokan gaba tun daga nesa, can kuma ya rasu a 1837. A watan Satumba na 2010, da ruwa ya fi ƙarfin madatsar Goronyo, ya cinye gonakin fadama da gidaje, tudu mutane suka nufa da yara da awaki. Wanda ya kwana a tudu a wannan shekara ba ya bukatar fasto ya fassara masa abin da ya sa Zabura ke kiran Ubangiji dutse da mafaka.

A Littafi Mai Tsarki, jirgin Nuhu ya tsaya a duwatsun Ararat. A ƙasar Moriya Allah ya tanadi rago a madadin Ishaku, a Dutsen Moriya kuma Sulemanu ya gina Haikali. A Sina'i Musa ya karɓi Doka, aka ja wa jama'a iyaka kada su taɓa dutsen. Ku lura, kowane lokaci Allah ne ya zaɓi wurin, ba mutum ba.

Da Isra'ilawa suka fara zaɓa da kansu, sai tuddai suka cika da bagadan Ba'al, har sarki Yosiya ya rurrushe su, kamar yadda 2 Sarakuna sura 23 ta nuna. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya ce Barbushe, mai tsafin Tsumburbura, a kan Dala yake zaune, kakanninmu kuwa sun ɗauki Kufena da Kwatarkwashi mazaunin iskoki.

To, ga abin da ya dame mu. Tun da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan Raba da Goronyo, musamman bayan harin kasuwar Goronyo a Oktoba 2021, waɗansu 'yan'uwa sukan sayar da buhun gero su yi kuɗin mota zuwa "dutsen addu'a" a kudu, wai can ne ake amsa roƙo da sauri. Ba mu raina wahalarsu ba, Yesu ma ya hau dutse shi kaɗai ya yi addu'a. Amma kaɗaici ya nema, ba albarkar dutse ba, bai kuma biya kowa kuɗin hawa ba.

Samariyawa sun yi haikalinsu a Dutsen Gerizim, Yahudawa suka rushe shi fiye da shekara 100 kafin haihuwar Almasihu. Tsohuwar gabar nan ce matar Samariya ta ɗauko a bakin rijiyar Yakubu, a Yahaya sura 4, tana so ta ji dutsen wa ya fi. Yesu bai zaɓi ko ɗaya ba. Ya nuna mata Uba yana neman masu sujada cikin ruhu da gaskiya. A gindin Gerizim suka yi wannan magana da tsakar rana, sai ta bar tulunta a nan ta koma gari ta kira mutane.