Tarihin Kwaikwayon Jiragen Kaya a Kan Ƙananan Layukan Dogo

Al'adar haɗa ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo, waɗanda ake shimfiɗa wa layin dogo a kan tebur ko a cikin ɗaki guda, ta samo asali ne daga masana'antun kayan wasan yara na ƙasar Jamus a ƙarshen ƙarni na 19. A shekarar 1891 kamfanin Märklin na garin Göppingen ya baje kolin wani jirgi da ake yi wa wani kamar agogo a kasuwar baje koli ta Leipzig, tare da guntayen layin dogo da ake harhaɗawa, kuma ya tsayar wa faɗin layin ma'auni sananne, ta yadda wanda ya sayi kan jirgi a bana zai iya ƙara masa taragu da tasha a baɗi. Jiragen wancan zamani da farantin kwano ake buga su, ana yi musu fenti mai ɗaukar ido, kuma ba a damu ƙwarai ba ko sun yi kama da wani jirgi da ke aiki a zahiri.

A Ingila ne aka fara ɗaukar lamarin a matsayin aikin manya. W. J. Bassett-Lowke na garin Northampton, tare da injiniya Henry Greenly, sun riƙa zana fasalin kawunan jiragen kamfanonin Birtaniya suna aikawa da su Nuremberg domin kamfanin Bing ya ƙera, kuma a 1910 aka kafa ƙungiyar Model Railway Club a Landan. Yaƙin Duniya na Farko ya katse cinikin kayan Jamus, wanda hakan ya buɗe wa Frank Hornby na Liverpool hanyar fito da jiragensa a 1920, yayin da a Amurka kamfanin Lionel, wanda Joshua Lionel Cowen ya kafa a 1900, ya riga ya yi nisa da jiragen lantarki. Daga wannan lokaci kalmomi biyu suka zama ginshiƙin sha'anin. Ta farko ita ce sikeli, wato adadin ninkin da aka rage girman jirgin asali. Ta biyu kuwa ita ce faɗin layi, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogo biyu.

Tun daga nan girman injin lantarki ya fara yin iko da gaskiyar kwaikwayo. A sikelin da ake kira HO, ana rage komai sau 87, saboda haka layin da faɗinsa ya kai milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna, yakan koma milimita 16.5. To amma kawunan jiragen Birtaniya sun fi na Amurka da na sauran Turai ƙanƙanta, kuma injinan lantarki na shekarun 1920 da 1930 ba su shiga cikin gangar jikinsu idan an rage su sau 87, don haka maƙeran Ingila suka ɗan ƙara girman jikin jirgin zuwa rage sau 76, suka bar layin a milimita 16.5. Wannan shi ne sikelin OO, wanda har yau ya fi kowane karɓuwa a Birtaniya duk da cewa layinsa ya fi yadda ya kamata matsi, kuma rashin gamsuwa da shi ne ya haifar da masu shimfiɗa layi da hannu a faɗin milimita 18.2 da 18.83. Irin wannan lissafi ne zai fuskanci duk wanda ya so kwaikwayon jirgin gyaɗa a tsohon layin da ya iso Kano a 1911, domin faɗin layin milimita 1,067 ne, wanda a sikelin HO yake buƙatar dogo mai kimanin milimita 12.

Muhimmin sauyi ya zo ne daga Amurka, kuma jiragen kaya ne suka kawo shi. A 1934 Al Kalmbach ya fara buga mujallar Model Railroader a Milwaukee, shekara guda bayan haka aka kafa ƙungiyar NMRA a wannan birni domin daidaita ma'aunin ƙafafu da dogo da wutar lantarki, saboda taragon wani kamfani ya iya tafiya a kan layin wani. A 1944 Frank Ellison na New Orleans, wanda ya taɓa aiki a harkar wasan kwaikwayo, ya wallafa jerin maƙaloli inda ya bayyana shimfiɗar layin dogo a matsayin dandamali, jiragen su ne 'yan wasa, jadawalin tafiya kuma shi ne labarin. Ma'anar wannan a aikace ita ce jirgi ya daina zagaye ba dalili, ya tsaya a tasha ya ajiye tarago a ƙofar masana'anta, ya ɗauki wani. Jirgin fasinja ba ya tayar da tambayoyi da yawa, domin yakan shigo ya fita da taragunsa a haɗe, amma kowane taragon kaya yana tilasta wa mai shi sanin abin da ke ciki, da inda aka loda shi, da wanda zai karɓa, da hanyar da zai bi ya koma fanko. Amsar waɗannan tambayoyi ba ta cikin kantin kayan wasa, sai a ɗakunan adana takardu.

Ta haka masu wannan sha'awa suka zama masu binciken tarihi, ko da yake jami'o'i ba su cika lissafa su a hakan ba. A Amurka sun dogara da littafin Official Railway Equipment Register, wanda ake sabuntawa duk wata uku, yana jera taragun kowane kamfani da lambobinsu da tsawonsu da nauyin da suke ɗauka. Sun kuma dogara da taswirorin inshorar gobara na kamfanin Sanborn, waɗanda ke nuna kowace masana'anta da reshen dogon da ke shiga harabarta. Littattafan aljihu na kwandastoci, inda suke rubuta lambar kowane tarago da ke cikin jirginsu, sun zama abin nema ruwa a jallo, domin su kaɗai ke nuna yadda jirgin wata rana takamaimai ya kasance. Daga nan aka ƙirƙiro tsarin kati, inda kowane ƙaramin tarago yake da katinsa da takardar kaya mai nuna inda za shi. Binciken yana da tsauri ta fuskar shekara: wanda ya zaɓi kwaikwayon Amurka ta 1955 dole taragunsa masu rufi su kasance da matakar tafiya a samansu, wadda aka daina sa wa sababbin taragu daga 1966, wanda kuma ya zaɓi Birtaniya ta 1935 yana buƙatar ɗimbin taragun kwal masu ɗauke da sunayen 'yan kasuwa, waɗanda gwamnati ta karɓi ikonsu a 1939 da yaƙi ya ɓarke, tare da taragon birki a wutsiyar jirgi tunda akasarin taragun ba su da birkin da direba ke sarrafawa. Ƙungiyar Historical Model Railway Society, wadda aka kafa a 1950, ta tara zane-zane da hotuna masu yawa da wataƙila da sun salwanta.

John Allen, mai ɗaukar hoto a Monterey ta jihar Kalifoniya, shi ne ya yayata dabarar tsufar da tarago da fenti, a sa masa alamun tsatsa da ƙura da hayaƙi, ko da yake shimfiɗarsa ta ƙone kwanaki kaɗan bayan rasuwarsa a Janairun 1973. Allen McClelland na Ohio kuwa ya nuna cewa jirgin kwal ya kamata ya fito daga wani ɓoyayyen layi da ke wakiltar sauran ƙasar, ya kuma koma can.

Duk wannan bincike ba ya amfani idan kan jirgi ba ya iya tafiya sannu a hankali ba tare da tsayawa ba, domin jujjuya taragu a tasha aiki ne na rarrafe, kuma a nan ne gyara ya zama rabin sana'ar. Wutar da ke tafiyar da inji ta cikin dogo take bi ta shiga ƙafafu, don haka ɗan datti a kan ƙafa ko lanƙwasar siririn ƙarfen da ke ɗebo wutar ya isa ya kashe jirgi a kan mahaɗar layi. Mai gyara yakan wanke tsohon giris da ya daskare a cikin giyoyin inji, ya sauya burushin gawayi da suka cinye, ya share ramukan da ke tsakanin farantan tagullar inji, sannan ya ɗiga mai kaɗan ƙwarai, tunda yawansa yana jawo ƙura. A kawunan jiragen tururi akwai ƙarin matsala, domin dole maƙalan sandunan ƙafafun ɓangare ɗaya su kasance gaba da na ɗaya ɓangaren da kwatan zagaye daidai, in ba haka ba jirgin ya riƙa ɗingishi. Akwai kuma cutar da ba ta da magani, wadda ke kama gangar jikin da aka zuba da gaurayen ƙarfen zinki mai gurɓacewar dalma, inda ƙarfen ke kumbura ya tsattsage bayan shekaru, abin da ya lalata jirage da yawa na shekarun 1930 da 1940, kuma ba abin yi sai a nemi sabuwar ganga.

Ƙugiyoyin kamfanin Kadee, wanda 'yan'uwa Keith da Dale Edwards suka kafa a 1946, sun sa ana iya raba taragu da maganaɗisu ba tare da sa hannu ba. A shekarun 1980 Bernd Lenz ya ƙirƙiro tsarin sarrafawa na dijital a Jamus, wanda NMRA ta amince da shi a shekarun 1990 da sunan DCC, inda kowane kan jirgi yake ɗauke da ƙaramar na'ura mai lambarsa, har jirage da dama su yi aiki a kan layi guda kowanne da saurinsa. Wannan ya ƙara wa masu gyara sabon aiki, domin a yawancin tsofaffin kawunan jirage injin yana karɓar wuta ne kai tsaye daga gangar ƙarfe, kuma wajibi ne a raba shi da ita gaba ɗaya kafin a haɗa na'urar, in ba haka ba za ta ƙone da zarar an kunna wuta.