Tarihin Binciken Yadda Ɗalibai Ke Sabawa da Zaman Ƙasar Waje

Wannan fanni ne da masana halayyar ɗan Adam da na zamantakewa ke nazarin abin da ke samun ɗalibi idan ya bar ƙasarsa neman ilimi: yadda yake ji a ransa, yadda yake koyon zama da mutanen da ya tarar, da yadda su ma suke karɓarsa. Ya kankama bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Amurka ta kafa shirin tallafin karatu na Fulbright a 1946, kuma masu biyan kuɗin suka so su san ko baƙin na komawa gida da farin ciki.

A 1955 Sverre Lysgaard, masani ɗan Nowe, ya wallafa sakamakon hirar da aka yi da mutanen ƙasarsa 200 da suka je Amurka ƙarƙashin shirin. Ya lura cewa waɗanda suka yi tsakanin wata shida zuwa goma sha takwas sun fi kokawa, a kan waɗanda zamansu bai kai haka ba ko ya zarce. Daga nan aka samo ra'ayin da ke kamanta baƙunta da harafin U: murna da farko, sai rami, sai farfaɗowa. Kalervo Oberg, a laccar da ya yi wa wata ƙungiyar mata a Rio de Janeiro ta Birazil a 1954, wadda aka buga a 1960, ya yayata kalmar da za a iya kira gigin baƙunta, ya ɗauke shi tamkar cuta mai alamomi da magani. A 1963 John da Jeanne Gullahorn suka ƙara cewa komawa gida ma na da nata ramin, U ta zama W.

Duk a wancan zamani kallon majinyaci ake yi wa ɗalibi. An ɗauki shekaru kafin a ƙalubalanci hakan. A 1982 Austin Church ya bi ayyukan da aka yi, ya ce hujjar harafin U mai rauni ce. Raunin kuwa a fili yake: Lysgaard bai bi mutum ɗaya tun saukarsa har tafiyarsa ba, mutane daban-daban ya kwatanta. Da Colleen Ward da abokan aikinta suka bi ɗaliban Japan a Niw Zilan na tsawon shekara guda, suka wallafa a 1998, sai suka ga wahalar ta fi tsanani a kwanakin farko, ba wani zumuɗin sabon zuwa da ke rufe ta. Abin damuwa, har gobe ana zana wa sababbin ɗalibai wannan U a tarukan maraba, wanda ya sauka da kuka kuma sai ya zaci shi ne mai matsala.

Adrian Furnham da Stephen Bochner, a littafinsu na 1986, sun sauya tambayar. A wurinsu baƙo ba shi da ciwon komai, ƙa'idojin gari ne bai sani ba: yadda ake gaisuwa, yadda ake yi wa malami musu, yadda ake ƙin tayin abinci ba tare da ɓata rai ba. Duk abubuwan koyo ne. Ward ta raba natsuwar zuciya da iya mu'amala, domin mutum na iya ƙwarewa a kasuwa da aji alhali kewar gida na cinsa. John Berry na Kanada kuwa ya fitar da hanyoyi huɗu: wani ya riƙe nasa ya kuma rungumi na gari, wani ya yar da nasa, wani ya killace kansa cikin 'yan ƙasarsu, wani ya rasa tudun dafawa. Bahaushe ya ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka ɗaura, amma binciken Berry ya nuna wanda bai jefar da nasa ba ya fi zama lafiya.

Daga shekarun 2000 sai ido ya koma kan mai masauki. Jenny Lee da Charles Rice sun nuna a 2007 cewa ɗaliban Asiya, Gabas ta Tsakiya da Latin Amurka na gamuwa da wariyar da Turawa ba sa gani a wata jami'ar Amurka. Wannan ba labari ba ne ga 'yan Afirka: ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma da Ladipo Solanke ya jagoranci kafawa a Landan a 1925 ta buɗe masaukinta ne saboda masu gidaje na hana baƙar fata haya. A 2014 Simon Marginson ya nemi a daina auna ɗalibi da yadda ya saje, a dube shi a matsayin mai gina kansa.

Alƙaluman UNESCO sun nuna masu karatu a waje sun tashi daga kusan miliyan 2 a 2000 zuwa sama da miliyan 6 cikin shekara ashirin. Sai dai akasarin binciken a kan ɗaliban Asiya ne a ƙasashe masu magana da Turanci. Masu zuwa Azhar, Madina da Khartum daga ƙasar Hausa da Barno ba su samu kulawar da ta dace ba, alhali tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kafa wa ɗalibansu makaranta da masauki a Alƙahira. Wannan giɓi masananmu ne ya kamata su cike shi.