Na'urar jera sandunan bolin

Na'urar jera sandunan bolin inji ne da ke ƙarshen layin wasan bolin, wanda ke kwashe sandunan da ƙwallo ta kayar, ya sake jera su, sannan ya mayar wa ɗan wasa ƙwallonsa. Sandunan goma ne, masu siffar kwalba, tsayin kowace kimanin santimita 38.

Tarihi

Da can yara ne ke wannan aiki da hannu a Amurka, kuma sau da yawa sanda kan yi tsalle ta ji musu rauni. Kamfanin AMF ya nuna injinsa a birnin Buffalo a 1946, bisa ƙirar Gottfried Schmidt, amma sai a 1952 ya shiga kasuwa sosai. Kamfanin Brunswick ya fito da nasa a 1956.

Yadda take aiki

Da ƙwallo ta wuce, shinge yakan sauko ya tare gaban sandunan. Sai wani faranti ya sauko daga sama ya kama waɗanda ke tsaye ta wuya, ya ɗaga su, shingen ya share waɗanda suka faɗi zuwa ramin da ke baya. Nan ne wahalar take: idan sanda ta gusa ba ta faɗi ba, dokar wasa ta ce a mayar da ita inda ta gusa, ba mazauninta na farko ba. Dole farantin ya sauke ta daidai wurin da ya ɗauke ta.

A cikin ramin, bel yana jan komai baya. Ƙwallo tana bi ta wata kafa zuwa hanyar da ke ƙarƙashin daɓe. Sandunan kuwa ana hawar da su sama, a juya gindinsu ƙasa, a raba su cikin gurabe goma. Injin yakan riƙe sanduna kusan ashirin, don kada ɗan wasa ya yi jira.

Kulawa

Babban abokin gabar injin shi ne man da ake shafa wa layi. Ƙwallo tana kwaso shi, ya haɗu da ƙura, bel ya fara santsi, sanduna su maƙale. Don haka makanike yakan goge bel, ya sa giris, ya canja sassan da suka cinye. Kafin ya sa hannu sai ya kashe wuta ya kulle makunnin, domin farantin yana da nauyin da zai iya kashe mutum.

Akwai kuma nau'in da ke jan sanduna da igiya ta kai. Sassansa kaɗan ne, gyaransa da sauƙi, sai dai igiyoyin kan sarƙe. Hukumar USBC ta amince da shi a gasa a 2023.