Tutar Juneteenth: Alamar Bikin 'Yancin Baƙar Fata a Amurka

Tutar Juneteenth ita ce alamar bikin tunawa da ranar 19 ga Yuni, 1865, sa'ad da aka shelanta wa bayin birnin Galveston na jihar Texas cewa sun sami 'yanci. Ben Haith, ɗan fafutuka da ke zaune a Boston a lokacin, shi ya zana ta a 1997, domin al'ummomin da ke bikin a warwatse su haɗu a ƙarƙashin tuta guda. Ya ɗauko ja da fari da shuɗi daga tutar Amurka, don tabbatar da cewa bayin da zuriyarsu 'yan ƙasa ne. Tauraron tsakiya kuwa Texas yake wakilta. A 2021 aka mai da ranar hutu a faɗin ƙasar.