Bindiga da Takardar Izini: Waiwaye a Kan Tarihin Hausawan Jazira da Managil

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da kashe-kashe suka yawaita a wata ƙasa, mahukunta sukan koma ga tsohuwar tambaya: wa ya cancanci ya riƙe bindiga, kuma wa zai ba shi izini? A Amurka an daɗe ana muhawara a kan ko gwamnati za ta ware kuɗi domin jihohi su kafa tsarin lasisin sayen ƙaramar bindiga. Wannan maƙala za ta dubi batun ta fuskar tarihin Hausawan da suka zauna a Jazira da Managil da gaɓar Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan. Bindiga na cikin abubuwan da suka raba kakannin wasunsu da gida, ita ce kuma take barazana ga jikokinsu a yau, saboda haka tarihinsu yana da abin faɗa a kan amfanin takardar izini da iyakarta.

2.0 Bindiga a Ƙasar Hausa Kafin Zuwan Turawa

A ƙarni na 19 ƙarfin yaƙin Daular Sakkwato ya dogara ne ga doki da takobi da mashi da kwari da baka. Bindigogi ba su yawaita ba sai a ƙarshen ƙarnin, kuma galibinsu irin waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki ne, wato adaka ko harba-ka-ruga. Sarakuna ba su sakar wa kowa su ba. A Kano, alal misali, bayin sarki aka damƙa wa, aka kafa rundunar 'yan bindiga daga cikinsu, domin makamin ya tsaya a hannun waɗanda fada ta amince da su. A Damagaram kuwa, Sarki Tanimu ya tara bindigogi masu yawa, har ana ƙera igwa a birninsa. Rabeh ya rushe daular Barno a 1893 da ƙarfin bindigogin zamani. Wato tun kafin a san lasisi, masu mulki sun fahimci cewa wanda ya mallaki bindiga ya mallaki rabin sarauta.

3.0 Yarjejeniyar Brussels da Faɗuwar Dauloli

Ranar 2 ga Yuli, 1890, manyan ƙasashen duniya suka sa hannu a wata yarjejeniya a birnin Brussels na Beljiyam, da sunan yaƙi da cinikin bayi. Yarjejeniyar ta taƙaita shigar da bindigogin zamani cikin wani faffaɗan yanki na Afirka, daga digiri 20 arewa da tsakiyar duniya zuwa digiri 22 kudu da ita. Sakkwato da Kano da Managil duk suna cikin wannan yanki. An yarda a sayar wa 'yan ƙasa tsofaffin bindigogi masu ƙanƙara da albarushi na gama-gari, amma bindiga mai kyau sai a ajiye ta a ma'ajin gwamnati, ba a fitar da ita sai ga wanda aka amince da shi, bayan an yi mata alama, an rubuta ta a littafi, an ba shi takarda. Nan ne tushen lasisin bindiga a wannan yanki na duniya.

Ba a jima ba aka ga sakamakon. Ranar 2 ga Satumba, 1898, a Karari kusa da Omdurman, rundunar Kitchener ta kashe Ansaru sama da 10,000, alhali waɗanda aka kashe mata ba su kai 50 ba. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu, 1903, Sakkwato ta bi baya ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira zuwa gabas, jama'a suka yi ta bin sa, har Turawa suka cim masa a Burmi. Ranar 27 ga Yuli, 1903, aka kashe shi tare da ɗaruruwan mabiyansa. Jarumta ba ta yi ƙaranci ba a waɗannan wurare. Abin da ya yi rinjaye shi ne igwa da bindiga mai ruwa, waɗanda doka ta riga ta hana ɓangare guda mallaka.

4.0 Daga Burmi Zuwa Shuɗin Nilu

Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, shi ya ja ragowar masu hijira zuwa gabas. Cikin 'yan shekaru suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, inda suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno. Abin mamaki, Ingilishin da suka guje wa a Najeriya su suka tarar suna mulkin Sudan tare da Masar. Gwamnatin ta bar su su zauna, domin tana bukatar manoma, amma ba ta yi sake da batun makami ba. Tana da dalili. A 1906 talakawan Satiru, kusa da Sakkwato, sun karya wata rundunar Turawa da gatura da fartanya kafin a dawo a hallaka garin. A 1908 kuma Abdulƙadir Wad Habuba ya yi bore a cikin Jazira kanta, aka kashe wani jami'in Bature, daga bisani aka kama shi aka rataye.

Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe babban shirin noman auduga na Jazira. Kowane manomi da aka yi wa rajista yana da hawasha, wato gonar da aka yanka masa. Aikin tsinkar auduga da shema yana bukatar hannaye masu yawa, sai Hausawa da Fulani da Barebari, waɗanda 'yan ƙasa ke haɗa su da suna Fallata, suka cike gurbin. Da yawansu maniyyata ne da suka tsaya neman guzurin Makka, zama ya kama su. Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon 1960 aka faɗaɗa shirin zuwa Managil, aka ƙara kimanin fadan 800,000, har faɗin shirin gaba ɗaya ya haura fadan miliyan 2. Ma'aikatan gona da yawa suka zauna a ƙananan matsugunai a gefen magudanan ruwa, waɗanda ake kira kambo, jam'insa kanabi.

A tsawon waɗannan shekaru Jazira wuri ne na littafin lissafi da sufeto da awon ruwa, kuma zaman lafiyarta ya yi suna. Sai dai akwai wata takarda da ta fi lasisin bindiga muhimmanci ga Bahaushen Sudan, wato shaidar zama ɗan ƙasa. Dokar 1957 ta ɗauki mutum a matsayin ɗan ƙasa ta asali idan shi ko kakanninsa ta wajen uba suna zaune a Sudan tun 31 ga Disamba, 1897. Waɗanda suka iso bayan Burmi ba su cika wannan sharaɗi ba. An sassauta dokar daga baya, amma tabon ya daɗe. Wanda ake tantamar zamansa ɗan ƙasa, da wuya ya tsaya gaban hukuma ya nemi izinin wani abu ba tare da fargaba ba.

5.0 Doka a Hannun Dama, Makami a Hannun Hagu

Bayan samun mulkin kai, Najeriya da Sudan duk sun riƙe tsarin lasisi. Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta kasa makamai gida uku. Kashi na farko, wanda ya haɗa da bindigogin soja da fistol da libarba, sai da izinin shugaban ƙasa. Kashi na biyu, irin bindigogin farauta na zamani, yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Kashi na uku, irin su adaka, Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke kula da shi. Sudan ma ta yi dokar makamai da harsasai da abubuwan fashewa a 1986.

Amma a daidai shekarun da aka rubuta wannan doka, gwamnatin Sudan tana raba bindigogi ga mayaƙan sa-kai na ƙabilu, waɗanda aka sani da Murahilin, domin su taya ta yaƙin Kudu. A 1989 aka kafa Dakarun Tsaron Jama'a. A 2003 aka yi amfani da Janjawid a Darfur, daga cikinsu kuma aka gina rundunar RSF a 2013. A 2017 gwamnati ta ƙaddamar da gangamin karɓe makamai a Darfur, ta sa RSF a sahun gaba na masu karɓa. A Satumban 2020 sojoji sun sanar da lalata bindigogi 300,000 da aka tattara. A gefe guda, cibiyar Small Arms Survey ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi kusan miliyan 2.8 a hannun fararen hula a Sudan, da sama da miliyan 6 a Najeriya. Ana kwasar ruwa da cokali, ana zuba shi da tulu.

Hausawa sun ɗanɗana kuɗar wannan hali. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakaninsu da wasu ƙabilun yankin, a kan ƙasa da kuma bukatar Hausawa ta samun sarautar gargajiya tasu. Ya sake tashi a Oktoba a Wad al-Mahi. Ɗaruruwa suka mutu, dubbai suka bar gidajensu. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin soja da RSF ranar 15 ga Afrilu, 2023, sai wutar ta iso Jazira. RSF ta kama Wad Madani a Disamban 2023, Managil ta tsaya a hannun soja, ta zama mafakar 'yan gudun hijira. Aka yi kira ga matasa su ɗauki makami da sunan gwagwarmayar jama'a. Ranar 5 ga Yuni, 2024, RSF ta kai hari ƙauyen Wad al-Nura a yammacin Jazira, aka kashe sama da mutum 100. A Janairun 2025, lokacin da soja ke ƙwato Wad Madani, an kai hare-hare a kanabi bisa zargin mazauna da haɗa kai da RSF. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce mayaƙan da ke mara wa soja baya sun kashe aƙalla mutum 26 a Kambo Tayba. Raunana su suka fi shan wuya a hannun kowane ɓangare.

6.0 Darasi Daga Waje

A 1995 jihar Connecticut ta Amurka ta wajabta wa mai son sayen ƙaramar bindiga ya nemi izini daga 'yan sanda, a binciki tarihinsa, ya kuma yi horo. Masana na Jami'ar Johns Hopkins sun ƙiyasta a 2015 cewa kisan kai da bindiga ya ragu da kimanin kashi 40 cikin 100 a shekaru 10 na farko. Jihar Missouri ta soke irin wannan doka a 2007, bincike ya nuna kisan ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A kan wannan hujja Chris Van Hollen da abokansa suka gabatar da ƙudurin doka a 2015 domin gwamnatin tarayya ta tallafa wa jihohi da kuɗin gudanar da tsarin, sai dai majalisa ba ta zartar da shi ba. Dalilin neman kuɗin a fili yake: lasisi yana bukatar ofis da ma'aikata da rajista da mai bin diddigi.

A Zamfara an ga akasin haka. A Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce za ta raba fom 500 ga kowace daga masarautu 19 domin jama'a su nemi lasisin kare kansu daga 'yan bindiga. Babban Hafsan Tsaro, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. A Connecticut lasisi matata ce da ke tace masu saye. A Zamfara ya zama shaidar cewa hukuma ta gaza kare talaka.

7.0 Kammalawa

Wannan tarihi ya nuna cewa takardar izini tana rage zubar da jini ne idan abubuwa uku sun haɗu. Dole hukuma ta kashe kuɗi wajen gudanar da ita, dole ta zama doka guda ga mai hawasha da mazaunin kambo, dole kuma gwamnati ta daina raba makami ta bayan gida. A 1890 an yi lasisi domin wani ɓangare ya rinjayi wani. Daga shekarun 1980 an yi doka a takarda, aka karya ta a aikace. Idan yaƙi ya lafa, Sudan za ta fuskanci aikin ƙirga bindigogin da suka shiga ƙauyukan Jazira da Managil, ta karɓe su. Manomi ba zai miƙa tasa ba sai ya ga an karɓi ta maƙwabcinsa, ya kuma tabbata cewa in an kawo masa hari da dare akwai hukumar da za ta zo.