Amsoshin Takardunku: Tarihin Agogon Aljihu Na Azurfa

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa daga Funtuwa, ya aiko da takarda yana tambaya: shin su wane ne suka ƙera agogon aljihun nan na azurfa da ake kira koronomita, kuma me ya raba shi da sauran agogo?

To malam, wannan agogo dai tsoron teku ne ya haife shi. A shekarar 1707 jiragen ruwan yaƙi huɗu na Ingila suka daki duwatsu kusa da tsibiran Scilly, mutum fiye da 1,000 suka halaka, domin matuƙan ba su san daidai inda suke ba. A 1714 majalisar dokokin ƙasar ta sa ladan fam 20,000 ga duk wanda ya samo hanyar sanin nisan da jirgi ya yi gabas ko yamma.

To ina ruwan agogo da wannan? Ai rana tana riga fitowa a gabas, shi ya sa agogon Najeriya da Nijar ke gaban na GMT da awa ɗaya. Idan matuƙi yana da agogon da ke riƙe da lokacin gida, sai ya jira rana ta take tsaka, ya duba. Bambancin da ya gani shi zai gaya masa nisansa. Amma fa kuskuren minti ɗaya kan iya kauce da jirgi kusan kilomita 28, ga shi agogon wancan zamani ba ya jure zafi da sanyi da tangaɗin ruwa.

Wanda ya warware matsalar wani kafinta ne, John Harrison, da ya koya wa kansa ƙira. Bayan ya shafe kusan shekara 30 yana fama, a 1759 ya kammala agogo mai gidan azurfa, faɗinsa santimita 13. Ɗansa William ya tafi da shi Jamaika a 1761, da suka isa aka tarar kuskurensa kimanin daƙiƙa 5 ne kacal. Duk da haka hukumar ladan ta yi ta ja masa rai. Sai da Sarki George na Uku ya sa baki, sannan a 1773 majalisa ta ba shi fam 8,750, yana da shekara 80. Mai haƙuri dai shi kan dafa dutse.

Agogon Harrison ya yi wa aljihu girma, ga tsada. John Arnold da Thomas Earnshaw, maƙera a Landan, su suka rage girmansa, suka sauƙaƙa ƙirarsa, har matuƙa da yawa suka iya saye. Na Harrison kuwa yana ajiye a Greenwich.

In irinsa ya faɗo hannunka, buɗe murfin ka duba ciki. Azurfar Ingila ta gaske tana ɗauke da hatimin ɗan zaki, da wani harafi mai nuna shekarar da aka tantance ta. Kada ka yi gaggawar sayarwa a farashin ƙarfe.