Inabin shekarar sanyi: abin da ajiya ke yi wa jar giya da fara

A kan kwalbar giyar inabi ta Faransa akan rubuta shekara, kamar 2013 ko 2021. Faransawa na kiranta millésime, wato shekarar da aka tsinki inabin. Ana kula da ita ne domin yanayin wannan shekara shi ke tsara yawan sukari, tsami da baurin da ke cikin ƴaƴan, waɗannan ukun kuma su ke nuna tsawon lokacin da abin da aka tatsa zai jure ajiya.

Yayin da inabi ke nuna, rana tana ƙara masa sukari, zafi kuma yana rage masa tsami. Idan shekara ta zo da sanyi da hadari, sai a tsinke shi da ƙarancin sukari da yawan tsami. Ƙwayoyin yisti ne ke juya sukari ya zama barasa, kuma kusan giram 17 na sukari a kowace lita ke ba da digiri ɗaya. Saboda haka giyar shekarar sanyi ba ta cika ƙarfi ba. Wasu masu haɗawa sukan zuba sukari kafin ta tsimu, dabarar da aka raɗa wa sunan Jean-Antoine Chaptal, wanda ya yaɗa ta a 1801.

Farar giya ana yin ta da ruwan inabin kaɗai, bayan an raba shi da ɓawo. Tsami ne ke riƙe ta, don haka shekarar sanyi kan yi mata daɗi. Riesling na kwarin Mosel a Jamus kan yi shekaru gommai a kwalba bai lalace ba, kuma farar giyar Bourgogne ta 2014, shekarar da ba ta yi zafi sosai ba, ta yi suna wajen jure ajiya. Da tafiyar shekaru launinta kan tashi daga fari-fari zuwa ruwan zinari, ƙamshin ɗanyen ƴaƴan itace ya koma irin na zuma.

Jar giya kuwa ana barin ta ta tsimu tare da ɓawo da ƙwallo, inda ake samun launi da tanin. Tanin shi ne baurin nan mai kama harshe, dangin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Idan ya nuna sosai, yana kare giyar daga ɓarnar iska, yana kuma laushi a hankali. A shekarar sanyi yakan kasa nuna, sai ɗanɗanon ƴaƴan ya gushe tun baurin bai risina ba. Haka aka gani a Bordeaux a 2013: an shawarci masu saye su yi amfani da mafi yawan ja da wuri, alhali fara ta fito da kyau. Launin ja kan kwashe da tsufa, ya koma kamar na jan bulo.

Zafi mai yawa ma yana da nasa lahanin. A 2003, lokacin matsanancin zafin Turai, inabi ya yi sukari ya rasa tsami, farare da yawa suka tsufa da wuri.

Wannan bambanci ya taɓa zama babban kasuwanci ga maƙwabciyar Nijar. Kafin samun ƴancin kai a 1962, Aljeriya ce ta fi kowace ƙasa fitar da giyar inabi. Ana kai mai ƙarfi daga yankuna irin su Mascara zuwa Faransa don a gauraya da mai rauni. A farkon shekarun 1970 gwamnatin Houari Boumédiène ta sa aka tuge gonakin inabi masu yawa.

A Nijar, inda mafi yawan jama'a Musulmi ne kuma addini ya haramta giya, inabi ɗan marmari ne na ci. Ana noma shi a lambunan tsaunukan Abzin, musamman Timia, tare da lemu da rumman. Ƙa'idar ɗaya ce: ranar da ke ba shi zaƙi, da sanyin daren kan tudu da ke tsare masa ɗan tsami. Inabi ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi, don haka wanda aka yanka da wuri zai isa kasuwa da tsaminsa. Mai sukari sosai shi ya fi dacewa da shanya don zabibi.

Sauran aikin na ajiya ne. Rumbunan ƙarƙashin ƙasa na Turai suna tsayawa a digiri 12 zuwa 14, cikin duhu. A Arlit kuwa zafin bazara kan wuce digiri 40, haka ma a kan doguwar hanyar zuwa Tchibarakaten, mahaƙar zinarin da ta bunƙasa tun 2014 kusa da iyakar Aljeriya, inda ake kai abinci da motoci. A irin wannan zafi, inabin da ya fashe a kwando kan fara tsimuwa da kansa, iska kuma ta ba wasu ƙwayoyin damar mayar da shi ruwan khal, aikin da Louis Pasteur ya bayyana a shekarun 1860. Ɗan kasuwar da ya ɗauko kaya daga Timia zai rage asara idan ya yi lodi da sanyin asuba, ya ware fasassun ƴaƴa, ya kuma bar iska tana ratsa kwandunan.